Tikiti Ɗaya, Mu Biyu

Shekarar da aka yanke wa kawuna ƙafa ita ce shekarar da na rufe teburina na Race Course. Takalman gwanjo nake sayarwa a can, kusa da inda motocin arewa suke lodi, kuma ban san ina son hayaniyar wurin ba sai da na bar shi. Ciwon suga ne ya ci ƙafar. Daga babban yatsa ya fara, likitoci suka yi ta bin sa suna yankewa har ƙasa da gwiwa. Da aka sallamo shi aka rasa mai jinyarsa. Ba shi da mata, ba shi da ɗa a ƙasar nan. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ita ce yayarsa, amma idonta ba ya ganin layukan jikin sirinji, hannunta kuma rawa yake yi. Yayyena maza biyu, ɗaya yana Tamale, ɗaya yana Saudiyya. Ni ce na dawo gida bayan aurena ya mutu, ba goyo ba yaye. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce ke ce za ki yi. An dai dube ni, ni kuma na ɗauka.

Gidanmu yana can cikin Zongo, a ƙarshen wani lungu da kwata ta raba biyu. Mutum biyu ba sa jerawa a ciki. Keken guragu da aka ba Kawu a asibiti ba ya wucewa, sai an naɗe shi an ɗauka, shi kuma Kawu maza biyu su tallabe shi har bakin titi. Saboda haka ba ya fita sai ranar ganin likita. Ni ma haka. Allura safe da yamma, wankin ciwo, abinci a kan lokacinsa, ga kwalbar fitsari, ga baho. In na je sayen magani na daɗe, kafin in dawo Mma tana bakin ƙofa tana leƙe. Duniyata ta koma tsakanin famfon tsakar gida da ɗakin baya inda yake kwance.

A Kumasi duk wanda ya yi zaman Jamus ya dawo, boga ake ce masa. Kawu boga ne, amma ba irin waɗanda suka dawo suka gina benaye a Krofrom ba. Ya tafi tun yana saurayi tare da wasu samarin Asante, ya wanke kwanuka, ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya dawo da furfura da jaka ɗaya da kwalin kaset. Kiɗan da ke cikin kaset ɗin nan ba wanda yake sonsa a gidanmu. Rok yake ce masa. Jita mai ƙara kamar ana yanka kwano, ganga kamar ana rushe gini. Mma takan ce maƙera ne suke faɗa. Shi ko a jikinsa. Ana kiran salla zai kashe, ya yi sallarsa a zaune, yana sallamewa ya sake kunnawa. Akwai wata ƙungiya guda da ya fi so, ya taɓa ganinsu ido da ido a wani ƙaton zaure a can Jamus. Ya ce yana can baya, mawaƙan kamar tururuwa yake hango su, amma gangar a ƙirjinsa take bugawa, ba a kunne ba.

Wanda ya kawo labarin abokinsa ne na Krofrom, wani dattijon Asante da suka yi ɗaki ɗaya a Jamus. Wofa nake ce masa, wato kawu da harshensu. Ya shigo yana haki, tun bai zauna ba ya ce mawaƙan ƙungiyar nan za su zo Accra, wadda mu muke kira Ankara, a watan Disamba. Dare ɗaya kawai za su yi, kuma an ce daga wannan zagayen sun ajiye kiɗa, tsufa ya zo. Wofa ya gama zamansa ya tafi. Ina cikin naɗe wa Kawu bandeji ya ce, "'Yar nan, an ce a waya ake sayen tikitin. Kin iya?"

Tun da aka yanke ƙafar bai taɓa roƙon komai ba, ko shayi sai an tambaye shi. Na ce na iya. Ya ce in sayi biyu, nawa da nasa, da kuɗin da yake tarawa na ƙafar roba.

Mma ta ji daga tsakar gida. Ta leƙo ta ce, "Kai yanzu kuɗin ƙafarka za ka kai wa maƙera?"

Ya ce, "Yaya, ƙafar tana nan a shago, ba inda za ta. Su kuwa tafiya za su yi."

Ni ban sa baki ba, don ni ma ina da nawa a zuciya. Kiɗan bai dame ni ba. Abin da na hango shi ne mota, da titi mai tsawo, da kwana biyu da zan buɗe ido ban ga bangon ɗakin baya ba. Ko da allurar zan tafi, ko da bahon, in dai a wani gari ne.

Ranar da aka buɗe sayarwa da safe ne. A ɗakinmu waya ba ta kama sabis sosai, sai an fito wajen famfo an ɗaga hannu sama. Na tsaya a can mata suna ɗibar ruwa suna zagaye ni. Ashe a wayar ma layi ake bi. Wani ɗan mutum-mutumi ne yake tafiya a hankali a kan zare, an rubuta kada ka rufe, kada ka fita, in ka fita ka koma baya. Lokacin allurar Kawu ya yi, ya ce in bari, na ce ba a barin wannan. Na ba wata maƙwabciyarmu wayar ta riƙe mini sama kamar tana shanya, na shiga na yi masa, na ba shi kokonsa marar suga, na fito. Da layi ya zo kaina na zaɓi biyu. Aka ce in biya da momo, wato kuɗin cikin waya, za a turo lambar tabbatarwa. Na jira lambar nan, ba ta zo ba. Sai da lokacin da aka ba ni ya ƙare aka mayar da ni ƙarshen layi, sannan ta shigo, ƙit, kamar ba ta yi laifin komai ba. Kafin ɗan mutumin ya sake isowa an rubuta tikiti ya ƙare.

Kafin azahar tikitin da aka ce ya ƙare ya cika waya. Duk inda na leƙa wani yana tallarsa, kuɗin ya ninka biyu. Mutanen da ba su taɓa jin sunan mawaƙan ba sun saye da yawa sun ajiye, kamar yadda ake ɓoye shinkafa kafin azumi. Aka sa ni a wani zauren waya na masu nema da masu sayarwa. A nan na koyi tsoro. Wata mata ta yi ta kuka a saƙon murya, an sayar mata da hoton tikiti, kuma hoton nan an sayar wa mutane da yawa. Aka ce kada ka tura kuɗi sai kana gaban mutum, ya tura maka tikitin cikin wayarka kana gani.

Haka na samu wani mai shagon kayan waya a Sofoline. Muka yi ciniki, ya ce yana da biyu, in zo. Na shirya wa Kawu komai, na ajiye wa Mma abincinsa a rufe, na ce in an yi azahar ta ba shi. Na fito lungu na shiga trotro, ƙaramar motar haya. Wallahi ko cunkoson hanya daɗi ya yi mini ranar. Na zauna kusa da taga ina kallon masu tallar ruwa da burodi suna bin motoci, ina jin kamar sabuwar zuwa gari.

Da na isa, mai shagon yana cin wake da shinkafa a bayan kanta. Ya share hannu ya ce, "Hajiya, kin daɗe a hanya. Ɗaya ya tafi."

Na ce, "Ba mun gama magana ba?"

Ya ce, "Magana ba kuɗi ba ce. Wani ya zo da nasa a hannu. Wannan ɗin ma ya tashi, duba ki gani."

Ya juyo mini da wayarsa. Gaskiya ya faɗa, tsakanin Zongo da Sofoline farashin ya ƙara hawa. Abin da na zo da shi na mutum biyu, yanzu kusan dukansa na mutum ɗaya ne. Ina tsaye ina tunani wayata ta yi ƙara. Mma ce, muryarta a sama. Ta ce Kawu yana gumi, yana magana ba kan gado, ya ƙi karɓar abinci. Na gane sugansa ne ya faɗi. Na ce ta jiƙa suga a ruwa ta ɗura masa da cokali, ga ni nan. Mai shagon yana kallona, ya ce in zan saya in saya, akwai mai zuwa. Ban san lokacin da na ce ya turo ba. Na biya, na ga tikitin ya shigo wayata, na fita da gudu na tare tasi.

Na tarar ya dawo hayyacinsa, rigarsa sharkaf, Mma tana zaune a ƙasa da kofi a hannu tana salati. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kin ga abin da nake faɗa." Na karɓi kofin daga hannunta. Da yamma na gaya wa Kawu ɗaya na samu. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari, ya ce, "Wannan ne tikitin? A da takarda ce, har a aljihu kana jin ta."

Daga nan muka shiga neman na biyu, kuma kullum yana ƙara nisa. In na duba da safe ya hau, in na duba da yamma ya sake hawa. Na kira lambar masu shirya taron in tambayi inda masu keke suke zama. Wata yarinya mai ladabi ta ce wurin ɗan kaɗan ne, ya cika tun ranar farko, kuma tikitin da ke hannuna na tsayuwa ne, a tsakiyar fili. Ban gaya wa Kawu wannan ba sai bayan kwana biyu. Ya ce ba komai, a cikin taro in an ga mai keke ana buɗa masa hanya, ya gani a Jamus.

A zauren wayar nan na ga wata lamba tana tallar tikiti, hoton da ke kanta kuwa na ɗan Wofa ne. Ashe ranar farko Wofa ya sa 'ya'yansa da jikokinsa kowa ya hau layi da wayarsa, sun samu da dama. Da ya zo gaisuwa ranar Lahadi Kawu ya tambaye shi kai tsaye. Wofa ya sosa ƙeya, ya juya harshe zuwa Twi, yaren Asante, ya ce harkar a hannun yaron take, kuɗin ma na yaron ne, shi ba ya iya sa baki a farashi. Kawu ya gyaɗa kai kawai. Kunya ta kama Wofa, sai ya ce, "To ga shawara. Tunda akwai ɗaya, ya biyo ni a motata. Ke ki huta a gida."

Na ce to. Na tashi na ɗauko jakar allura na buɗe a gabansa. Na nuna masa yadda ake auna suga, da abin da za a yi in ya hau, da abin da za a yi in ya faɗi. Na nuna masa maganin da dole ya zauna cikin sanyi. Na ɗauko kwalbar fitsari da baho na ajiye kusa da takalminsa, na ce a hanya zai buƙaci wannan, wani lokacin ba ya iya jira. Sannan na fara kwance bandejin don ya ga yadda ake wankewa. Wofa ya kawar da kai ya dubi bango. Ba wulaƙanta shi na yi niyya ba, so nake da gaske ya ce zai iya. Bai ce ba. Kawu ne ya ce, "Rufe, 'yar nan. Bar shi." Suka koma hirar wani mai gidan haya da suka yi a Jamus, suna dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da sati ya rage, kuɗin tikitin ya kai inda ko a mafarki ba ma isa. Mma da kanta ta fara tambayata nawa ya kai yau. Ta ce a sayar, a sayi ƙafar, har a samu canji. Yayana na Saudiyya ya kira ya faɗi haka. Kawu ya ce ba za a sayar ba. Ya ce, "Ke ki tafi. Ki je ki gani, ki dawo ki ba ni labari."

Na ce, "Wa zai yi muku allura?"

Akwai wata nas a lungunmu, na je na same ta. Ta ce ranar tana da jana'iza a garinsu, ba za ta dawo ba sai Litinin. Mma kuma ta ce ko da an samu mai allura, ita ba za ta bar 'yarta ta tafi Ankara ita kaɗai ta tsaya cikin maza a wurin kiɗa ba, me za a ce a Zongo. Muka zauna a haka. Shi ya ƙi a sayar, ni ba halin tafiya, shi ba halin tafiya ba ni. Tikitin yana cikin wayata, ina kwana da shi ina tashi da shi, har na fara jin tsoron kada wayar ta faɗa ruwa.

Ranar wasan Asabar ce. Da safe ban ma duba ba, don na gaji. Bayan azahar wayar ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Na buɗe zauren na ga abin da ban taɓa zato ba. Farashin yana zubewa. Waɗanda suka ɓoye suna jiran ya ƙara hawa sun ga rana tana tafiya, kaya yana hannunsu. Wannan ya rage, wancan ya rage ƙasa da shi. Kafin la'asar ana ba da biyu a kuɗin da bai kai na ɗaya a ranar farko ba. Har da na zama, har da na gaba kusa da mawaƙan. Mai shagon Sofoline da ya ce mini saura ɗaya, shi da kansa ya kira ni. Ya ce, "Hajiya, akwai biyu masu kyau, kawo ko nawa ne."

Da na sani da ban karanta a gaban Kawu ba. Ya tashi zaune ya ce, "In muka tashi yanzu fa?"

Na san amsar, amma na sa mayafi na fita. A bakin lungu akwai wani direban tasi da yake kai mu asibiti, mutumin kirki. Na gaya masa. Ya dubi rana, ya dubi motarsa, ya ce, "Yau Asabar, hanya cike take da masu dawowa daga jana'iza. Kafin mu fita Kumasi ma aiki ne. In Allah ya kai mu lafiya, za mu tarar ana sharar wurin." Na ce ko da gudu? Ya ce, "Da mara lafiya a baya? Ba zan yi miki ƙarya don in karɓi kuɗinki ba."

Na dawo ina tafiya a hankali, ina tsallake kwata. Da na ɗaga labulen ɗakin na tarar ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado shi kaɗai. Ya sa wata baƙar rigar fata da ban taɓa gani ba, duk ta tsattsage a kafaɗa, a cikin zafin nan. Ya sa takalmi a ƙafarsa ɗaya, ya ɗaure igiya. Ya dubi fuskata, bai tambaye ni komai ba. Ya sunkuya ya fara kwance igiyar. Na durƙusa zan taya shi, ya ce in bari, wannan yana iyawa.

Can ya ce, "Kada tikitin nan ya mutu a wayarki. Nemi wanda yake bakin ƙofa ba shi da shi, ki ba shi."

Na rubuta a zauren. Wata ɗaliba ta amsa, ta ce tana wajen tun rana, ko rahusar ma ba ta da kuɗinta. Na tura mata. Ta yi ta godiya tana tambaya ko da gaske ne. Kawu ya ce in gaya mata abu ɗaya yake so, ta ɗauko masa bidiyon mai ganga.

Washegari da hantsi saƙonta ya shigo. Ɗan gajeren bidiyo ne, yana rawa, rabinsa ƙeyar mutane da hannuwa a sama. Ihunta ya danne waƙar. Can nesa cikin hayaƙi da jan haske ana ganin wasu tsofaffi da jita, sai ta juya kan mai ganga na ɗan lokaci. Kawu ya sa tabarau ya kalla, ya ce in mayar, ya sake kallo. Ya ce, "Ba shi ba ne. Wannan yaro ne. Wancan ƙato ne mai gemu." Sannan ya ce wataƙila wancan ya rasu, shi bai ji ba. Ya miƙo mini wayar ya ce in kawo ruwan wankin ciwo, rana tana yi.

Ƙafar roba sai a shekarar da ta biyo baya aka samu, yayyena ne suka haɗa. Wofa kuwa ba a yi sati da wasan ba ya zo. Ya ce yaronsa ya tafka asara, tikiti uku sun mutu a hannunsa, shi kuma da ya shiga ƙarar ta sa masa ciwon kai, bai kai ƙarshe ba ya fito ya zauna a mota. Kawu ya yi dariya har da tari, irin wadda na daɗe ban ji ba. Wofa ya ciro wata baƙar riga daga leda ya ajiye masa a kan gado, ya ce a bakin ƙofa ya saya. Ta yi wa Kawu yawa, kuma a gabanta an zana ƙoƙon kan mutum da fukafukai. Mma ta ce wannan ba za ta kwana a gidanta ba. Ta kwana. Yakan sa ta a ƙarƙashin jallabiya, ya cire in zai yi salla. In ta yi datti Mma ce take karɓa ta wanke da kanta, ta juya cikinta waje kafin ta shanya, don kada matan gida su ga zanen.